A Wace Hukumar Gwamnati Zan Samu Horon Aikin Nazarin Alƙaluma da Bincike?

Tambayar daga wani ɗalibin ƙididdiga ne da ke aji uku a jami'a. Lokacin fitarsu horon sanin makamar aiki ya gabato, yana son ya yi shi a hukumar gwamnati inda zai taɓa alƙaluma da bincike na gaske, amma ya leƙa intanet bai ga sanarwar kowace hukuma ba. Yana son sanin waɗanda ke ɗauka, yadda ake nema, da abin da ya kamata ya tanada.

Ɗan'uwa, kada rashin ganin sanarwa ya dame ka. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila ne hukumomi kan tallata guraben horo a shafinsu, mutum ya cike fom yana daga ɗaki. A Najeriya yawancin hukumomi ba sa yin haka, takarda ake kaiwa da ƙafa, kuma wanda ya zauna jiran talla jiran gawon shanu yake yi.

Ƙofofin shiga uku ne. Ta farko ita ce wadda kake bakinta yanzu, wato shirin horon sanin makamar aiki na ɗalibai, SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya ƙirƙiro a 1973. Ɗaliban jami'a kan yi wata shida, na kwalejojin fasaha da na ilimi kan yi huɗu. Ta biyu ita ce shekarar yi wa ƙasa hidima, wadda ta fi tsawo, kuma ma'aikata sun fi sakin jiki su ba ɗan hidima aiki mai nauyi don sun san zai daɗe tare da su. Ta uku ba a kiranta horo, amma sau da yawa ta fi biyun farko koyarwa: aikin wucin gadi na tattara bayanai gida-gida idan wata hukuma za ta gudanar da babban bincike. A nan akan horar da mutum na kwanaki kafin a tura shi, a ba shi na'ura, a biya shi. Irin wannan ne kaɗai akan tallata a kai a kai. Akwai kuma shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a 2023 tare da Hukumar Bunƙasa Fasahar Zamani, NITDA, wanda ke da darasin nazarin bayanai. Koyarwa ce mai amfani, sai dai ba ita za ta zaunar da kai a ofis ba.

Kafin sunayen hukumomi, ka riƙe wannan, don a nan ɗalibai suka fi yin asara. Sunan hukumar bai kai sashen da aka ajiye ka muhimmanci ba. Mutum zai iya shafe wata shida a babbar hukuma mai hawa goma a Abuja, ya gama bai iya komai ba sai ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan da sayo wa oga abincin rana. Tun garambawul ɗin aikin gwamnati na 1988, kusan kowace ma'aikata, ta tarayya da ta jiha, tana da Sashen Tsare-tsare, Bincike da Ƙididdiga, wanda ma'aikata ke kira PRS. Nan ne gidan alƙaluma. Idan takardarka ba ta ambaci wannan sashe da sunansa ba, jami'in harkokin ma'aikata zai tura ka duk inda ya ga kujera, ko kuma ya ji ka ce kwamfuta ya miƙa ka wurin masu gyaran firinta.

Uwar gida a wannan fage ita ce Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, wadda ke aiki ƙarƙashin Dokar Ƙididdiga ta 2007. Hedikwatarta na Abuja, tana kuma da ofis a kowace jiha. Ita ke fitar da alƙaluman hauhawar farashi duk wata, da na tattalin arziki duk wata uku, da binciken rashin aikin yi, da rahoton talauci na 2022 da ya ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, na cikin talauci mai fuskoki da yawa. Ofisoshin jihohi sun fi karkata ga tattarawa, kamar zagaya kasuwanni ɗaukar farashin mudun shinkafa da kwalbar mai, nazarin kuwa a hedikwata ake yin mafi yawansa. Sai Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda ke da alhakin ƙidayar jama'a da rajistar haihuwa da mutuwa, ita ce kuma ke gudanar da babban binciken lafiya da yawan al'umma, NDHS. Mai sha'awar taswira zai ƙaru a sashenta na shata yankunan ƙidaya. Babban Bankin Najeriya yana da sashen ƙididdiga da na bincike, duka a Abuja, amma gurbinsa kamar nama a bakin kura yake, kuma rassansa na jihohi ba su ke yin nazarin ba. Hukumar Daƙile Cututtuka, NCDC, na fitar da rahoton mako-mako kan cututtuka irin su zazzaɓin Lassa da kwalara da sanƙarau. Hukumar Hasashen Yanayi, NiMet, na riƙe da bayanan ruwan sama da zafi na shekaru masu yawa, tana kuma fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara.

A Zariya akwai NAERLS, mai isar da sakamakon binciken noma ga manoma, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, duka ƙarƙashin inuwar Jami'ar Ahmadu Bello. NAERLS kan zagaya jihohi duk damina ta auna yadda amfanin gona ya yi, ta fitar da rahoto. Wanda ya dace da lokacin ya ga bincike tun daga takardar tambayoyi har zuwa jadawali.

A ganina ɗalibin da ke Arewa ya fara da jiharsa. Jihohi da dama, ciki har da Kano da Kaduna, suna da hukumar ƙididdiga tasu. Ma'aikatar ilimi na yin ƙidayar makarantu duk shekara. Hukumar kula da lafiya matakin farko na karɓar rahoton wata-wata daga kowane asibiti, ana zuba shi a manhajar DHIS2. Ma'aikatar kasafi da tsare-tsare na da nata. Waɗannan ofisoshi suna da tarin bayanai amma hannun da zai tsabtace su ya yi kaɗan, saboda haka ɗalibin da ya iya aiki ba ya kwana biyu sai an ɗora masa abin yi na gaske. Ga shi kuma ba ka da wahalar masauki da kuɗin mota irin na Abuja, waɗanda kan cinye ɗalibi kafin wata na uku.

Nema kuwa ka fara shi wata biyu zuwa uku kafin ranar fita. Ka karɓi takardar gabatarwa daga ofishin SIWES na makarantarku, mai ɗauke da sunanka, lambarka, kwas ɗinka da tsawon lokacin horon. Ka haɗa da taka wasiƙar da ba ta wuce shafi ɗaya ba, zuwa ga shugaban hukumar: Babban Sakatare idan ma'aikata ce, Babban Jami'in Ƙididdiga idan hukumar ƙididdiga ce. A ƙarƙashin adireshin ka nuna cewa a kula da Daraktan Tsare-tsare, Bincike da Ƙididdiga. Ka yi kwafi biyu na komai. Ka kai wurin rajista, inda ake karɓar wasiƙu, su riƙe ɗaya su buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayar. Wannan kwafin mai hatimi shi ne hujjarka, da shi za a bi sawun fayil idan ya ɓace a hanya, kuma yakan ɓace. Bayan mako guda ka koma, ka tambayi ma'aikacin rajista teburin da takardar take. Ka girmama mutumin nan, ya fi kowa sanin inda fayil ke kwana.

Matakin da mutane ke tsallakewa shi ne zuwa sashen da kanka. Ka nemi ganin mataimakin darakta ko babban jami'in ƙididdiga na sashen, ka gaishe shi, ka gabatar da kanka, ka ce takardarka tana rajista. Dalili shi ne yadda fayil ke tafiya: shugaba zai rubuta wa sashen harkokin ma'aikata, su kuma sukan tambayi sashen ko yana da gurbi. Idan wani a can ya riga ya ga fuskarka, amsar takan zama e. Idan bai san ka ba, sai a rubuta babu wuri, magana ta mutu. Kada ka tsaya kan hukuma ɗaya, ka kai wa huɗu ko biyar. Ɗan hidimar ƙasa kuma ya nemi hukumar ta rubuta wa ofishin NYSC na jihar takardar buƙatarsa kafin a tashi daga sansani. Ba dole ne a amince ba, don makarantu aka fi tura mutane, amma ba tare da ita ba damar ta yi ƙaranci ƙwarai.

Idan za ka ga jami'in nan, kada ka je hannu rabbana. Kowa na rubuta cewa ya iya Excel da SPSS, har an daina karanta layin. Ka ɗauki bayanan da suke a buɗe, kamar jadawalin farashin kayan abinci da NBS ke sakawa a shafinta, ko bayanan binciken gidaje na GHS da take yi tare da Bankin Duniya, ka yi aikin shafi biyu: tambaya ɗaya, jadawali ɗaya, zane ɗaya ko biyu, da sakin layi uku na bayani. Misali, yadda farashin masara ya motsa a jiharku cikin wata 24 idan aka gwada da maƙwabtanta. Ka buga shi a takarda ka riƙe. Gani ya kori ji.

Game da manhajoji, jerin da ake koyarwa a intanet ya sha bamban da abin da za ka tarar a ofis. Excel ne sarki, kuma ana nufin iya shi sosai: haɗa jadawali biyu da VLOOKUP ko XLOOKUP, taƙaita dubban layuka da PivotTable, gano layin da aka maimaita. Bayansa sai Stata ko SPSS, don su manyan jami'ai suka saba da su. R da Python za su amfane ka nan gaba, amma idan ka miƙa aikin da kai kaɗai ke iya buɗewa, ranar da ka tafi aikin ya tafi. Wajen tattara bayanai za ka ci karo da CSPro, Survey Solutions, ODK ko KoboToolbox. Ka koyi gina fom a Kobo, kyauta ne, mako guda ya isa. Ɗan abin da ka sani na QGIS, manhajar zana taswira, zai sa a riƙa nemanka, domin kowane darakta na son ganin jiharsa a taswira mai launi.

Yanzu ga ainihin aikin. Mafi yawan lokacinka zai tafi ne wajen tsabtace bayanai, kuma a nan ake gane wanda za a sake ba aiki.

Ɗauki sunayen ƙananan hukumomi. Ƙasar na da 774, Kano kaɗai na da 44. An ba ka jadawali daga ma'aikatar ilimi da wani daga ta lafiya an ce ka haɗa su. A ɗaya an rubuta Dawakin Kudu, a ɗayan D/Kudu. Nan Nassarawa, can Nasarawa. Wani magatakarda ya bar tazara bayan sunan, ido ba ya ganinta amma kwamfuta na gani. Ka haɗa, layuka goma sha biyu suka zube, jimilla ta ragu, ba ka lura ba. Idan aikin na ƙasa baki ɗaya ne matsalar ta ninka, don akwai sunayen da jihohi biyu ke tarayya a kansu: Bassa a Kogi da Filato, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo. Haɗawa da suna kaɗai zai zuba alƙaluman wata jiha cikin wata. Maganin shi ne ka yi jadawali guda na sunaye na asali mai lamba ga kowace ƙaramar hukuma, ka riƙa haɗawa da lambar ko da jiha da suna tare, sannan ka ƙirga layuka kafin haɗawa da bayanta. Idan ba su yi daidai ba, ka tsaya.

Na biyu shi ne lambobin da ba lambobi ba ne. A takardun bincike akan sa 98 ga wanda ya ce bai sani ba, 99 ga tambayar da ba a amsa ba. Wanda bai karanta littafin bayanin lambobi ba zai lissafa matsakaicin shekarun aure ya samu abin dariya, don kwamfuta ta ɗauka akwai waɗanda suka yi aure suna da shekara 98. Haka nan bambancin sifili da gurbin da aka bari fayau. Asibitin da ya rubuta sifili yana cewa babu wanda ya zo. Wanda ya bar gurbi bai aiko rahoto ba ne. Idan ka cike guraben da sifili, ka mayar da rashin rahoto ya zama rashin cuta. Shi kuma Excel yana da halinsa: yakan cinye sifilin farko na lambar waya ko lambar makaranta, yakan kuma juya 03/04 daga uku ga Afrilu zuwa huɗu ga Maris idan an saita kwamfutar da tsarin Amurka.

Na uku, kuma mafi haɗari domin ba ya nuna alama, shi ne manta nauyi. Manyan binciken gidaje ba sa ɗaukar gidaje daidai da yawan jama'ar kowane yanki, sukan ƙara wa ƙananan wurare don a samu isassun amsoshi. Shi ya sa kowane gida ke zuwa da lambar nauyi mai nuna gidaje nawa yake wakilta. A ƙaddara an tambayi gida 50 a birni da 50 a karkara, alhali a zahiri birni kashi 20 ne na jama'ar, karkara 80. A ce kashi 80 na gidajen birni na da lantarki, na karkara kashi 30. Lissafin kai tsaye zai ba ka 55. Idan ka sa nauyi, 16 ne daga birni da 24 daga karkara, jimilla 40. Tazarar maki 15 ke nan, kuma babu saƙon kuskure da zai fito ya gargaɗe ka. A fayil ɗin mata na NDHS nauyin yana ginshiƙin v005, ana raba shi da 1,000,000 kafin amfani. Hanyar gwada kanka mai sauƙi ce: ka zaɓi adadi ɗaya da ke cikin rahoton da aka buga, ka yi ƙoƙarin fito da shi daga ɗanyen bayanan. Sai ka same shi daidai sannan ka amince da sauran lissafinka.

A ofishin lafiya za ka ga ƙaramar hukumar da rigakafinta ya kai kashi 130 cikin ɗari. Kada ka yi saurin cewa ƙarya aka shirga. Ƙidayar ƙarshe ta 2006 ce, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya, ta 2023 kuma an ɗage ta, don haka yawan yaran da ake raba lissafi da shi hasashe ne daga tsohon adadi. Garin da ya cika da baƙi ko 'yan gudun hijira zai wuce ɗari cikin sauƙi. Abin da ya fi cancantar tuhuma shi ne a ga a allurar rigakafin yara ta Penta, ta uku ta fi ta farko yawa wata bayan wata, tunda yaro ba ya karɓar ta uku sai ya karɓi ta farko.

Sannan ka riƙa karanta yadda aka auna abu kafin ka ja layi tsakanin shekaru. Rashin aikin yi ya kasance kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai ga 4.1 a farkon 2023. Ma'auni ne ya canza: a da wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana lissafa shi cikin marasa aiki, yanzu awa ɗaya a cikin kwana bakwai ta isa a ce yana da aiki. Hauhawar farashi ma ta sauko daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025 saboda an sabunta shekarar tushe, wato wadda ake gwada farashi da ita, da kwandon kayan da ake aunawa. Ɗalibin da ya zana waɗannan a layi ɗaya ba tare da alamar yankewa ba ya gaya wa darakta cewa bai karanta shafin farko na rahoton ba.

Ƙa'idar aiki guda biyu za su cece ka daga kunya. Kada ka taɓa gyara fayil na asali, ka kwafe shi ka yi aiki a kan kwafin, sunan kowane kwafi da kwanan wata. Kuma ka rubuta duk abin da ka canza da dalilinsa, ko a fayil ɗin umarni na Stata ko a shafi na daban. Bayan wata biyu za a tambaye ka me ya sa makarantu suka ragu daga jadawali, ƙwaƙwalwa kuwa ba za ta tuna ba.

Batun sirri ba wasa ba ne. Dokar Ƙididdiga ta hana bayyana bayanan mutum ko gida ko kamfani da aka tattara don ƙididdiga, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Kada ka kwashi fayil mai sunaye da lambobin waya a filasha ka kai gida, kada ka ɗauki hoton allon kwamfuta ka sa a WhatsApp, kada ka loda bayanan ofis a manhajar ƙirƙirarriyar basira don ta taya ka. Adadin da ba a fitar a hukumance ba, ko abokinka ɗan jarida ne, ba naka ba ne da za ka faɗa. Idan kana son amfani da bayanan ofis a kundin kammala karatunka, ka nemi izini a rubuce tun kana ciki.

Kuɗi kuwa kada ka sa rai. Alawus ɗin SIWES bai taka kara ya karya ba, kuma yakan makara. Wasu hukumomi na ba da ɗan kuɗin mota, da yawa ba sa bayarwa. Ɗan hidimar ƙasa na da Naira 77,000 a wata daga gwamnatin tarayya tun 2025. Duk wanda ya ce ka biya don ya samo maka gurbi, ko shafin da ke neman kuɗin fom, damfara ce. Yawancin shafukan hukumomin tarayya da .gov.ng suke ƙarewa.

Idan ka samu shiga aka bar ka zaune, abin da yakan faru a makon farko, ka nemi rahoton ƙarshe da sashen ya fitar ka karanta, ka gano jami'in da ke haɗa rahoton wata-wata, ka ce ya ba ka ɓangaren da ya fi gundurarsa. Yawanci shigar da bayanai ne ko daidaita sunaye. Ka gama da wuri, ka kawo masa da jerin kurakuran da ka gano, cikin ladabi, a keɓe, ba a gaban ogansa ba.

Littafin rahoton aikinka ka cike shi kullum da abin da ka yi takamaimai, irin su "na daidaita sunayen makarantu 600 na ƙananan hukumomi uku", mai kula da kai ya sa hannu duk mako. Fom ɗin fara aiki ka kai ofishin ITF mafi kusa a makonnin farko, Fom 8 kuma, wato na kammala horo, a cike shi a buga hatimi kafin ka tafi. Saura mako biyu ka gama, ka nemi takardar shaida a kan takardar hukuma mai tambari, wadda ta faɗi ayyukan da ka yi da manhajojin da ka yi amfani da su, ka kuma roƙi a sa sunanka da lambarka a jerin waɗanda ake kira idan aikin tattara bayanai ya taso. Daga irin wannan jerin ake fara ɗiba idan bincike ya zo da gaggawa.